Ranar da Aka Haɗa Ni Jarrabawar Turanci da Surukina

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan mujalla tamu. Na daɗe ina bin labaran da mutane ke aiko muku, wani ya ba ni tausayi, wani ya sa ni istigfari, sai na ce bari ni ma in fito da nawa. Nawa ya fi kama da abin dariya, ko da yake a lokacin ban ga abin dariya a ciki ba ko kaɗan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, don maiɗakina ta riga ta gargaɗe ni cewa in har sunanta ya fito a takarda, to in nemi mai dafa min tuwo. Lokacin da abin ya faru ni sabon magidanci ne, ɗan wani ƙauye a ƙasar Zazzau, na gama sakandare ina ganin duk duniya ba wanda ya kai ni Turanci. Shekarun nan ne da gwamnati ke kwashe komatsanta daga Legas tana dawowa Abuja, kullum manyan motoci na shigowa da tebura da kujerun ofis, garin kuwa rabi gini rabi daji. Inda Gwarinpa take yanzu, da idona na ga gonakin doya a wurin.

Matata 'yar Uke ce, na same ta ne lokacin da nake yi wa kawuna tsaron shago a Keffi, kuma a gidansa muka fara zama. Mahaifinta, wanda nake kira Baba, direba ne da ya yi shekara da shekaru a Legas yana tuƙa Turawan wani ofishi na ƙasar waje. Da ofishin ya biyo gwamnati zuwa Abuja sai ya dawo tare da su, yana murna ya matso kusa da gida, kuma shi ya yi min hanya aka ɗauke ni ɗan aike na wucin gadi a wurin. Dogo ne mai kwarjini, da Hausa maganarsa ba ta da yawa, amma in ya juya irin Turancin nan na 'yan Legas da direbobi 'yan uwansa, sai ka rantse ba shi ba ne. Ni kuma na kama hayar wani ɗakin laka mai rufin tsohon kwano a Durumi, a gidan wani dattijo Bagware, mutumin kirki. Leburori da masu shayi na unguwar suna kirana Bature, saboda ni ke karanta musu duk abin da ya zo da boko, kuma in ina magana sai na jefa wata doguwar kalma ko ba a buƙatarta. Sunan yana min daɗi, ba zan ɓoye ba.

A gidanmu an rene mu da kunyar suruki mai tsanani. Ba ka kallon fuskarsa, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka hawa kujera yana zaune, in ka hango shi a hanya ka ratse, in ba halin ratsewa ka tuɓe takalmi ka durƙusa tun daga nesa. To ka duba halin da na shiga, ofis ɗaya da surukina. Na haddace ƙarar takalminsa da irin tarin da yake yi. Da na ji shi tafe sai in shige bayan injin wuta, ko in faɗa ɗakin ajiya in yi kamar ina neman wani abu. Abokan aikinmu mutanen kudu abin ya ɗaure musu kai, har wani ya ja ni gefe ya tambaye ni me na yi wa oga direba da nake gudunsa haka, ko wani abu na ɗauke masa.

Lokacin da na taho Abuja cikin maiɗakina ya tsufa, don haka aka kwashe ta da kayan ɗakinta zuwa Uke goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ta sauka lafiya, namiji. Aka yi suna, ta gama wanka, ta yi arba'in, ni ina ta share ɗaki ina jiran a kawo min iyalina. Sai wata Lahadi cikin damina Baba ya zo ganin inda za a ajiye 'yarsa da jikansa. Allah ya sa ranar tun safe ruwa ke zuba, na jera kwanuka da bokiti har da tukunyar miya a tsakar ɗaki suna tarar yoyo. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi tabarmar da nake kwana a kai, ya fita. Bayan kwana biyu gwaggon matata ta aiko min saƙo cewa Baba ya ce yarinya da jariri za su ci gaba da zama a gida har sai ofis ya tabbatar da ni a aiki, ya ba ni ɗaki a gidajen ma'aikata. Na ce to, Allah ya saka da alheri. Me zan ce ban da to?

Ana nan sai aka kawo mana sabon shugaba, ya ce duk ɗan ƙasa da ke son a tabbatar da shi a aiki sai ya ci wata jarrabawar Turanci ta matsakaicin mataki, wadda daga waje ake zuwa a yi. Har tsofaffin direbobi bai bari ba, ya ce wanda bai ci ba zai koma jigilar kaya, ya bar tuƙa manyan baƙi. Na ji labarin na yi murmushi, na ce ashe iyalina sun kusa zuwa. Ofis ya ɗauko malama tana koyar da mu bayan an tashi aiki. Ranar farko na leƙa ajin, sai na ga Baba a layin gaba da biro a bayan kunne. Na juya a hankali ban sake komawa ba. Ta yaya zan zauna aji ɗaya da surukina, malama ta yi tambaya ya kasa ni in ɗaga hannu? Na gaya wa kaina ai ajin na waɗanda ba su yi makaranta ba ne. Na riƙa karatuna a ɗaki, ina sauraren labaran Turanci a rediyo, ina yi wa bango jawabi. Abin da ban sani ba, kuma a ajin aka yi ta bayaninsa, shi ne yadda ake yin ɓangaren magana.

Ranar jarrabawa aka kai mu wata makaranta a Garki. Karatu da rubutu na gama su kafin kowa, har ina miƙe ƙafa. Aka kunna kaset muka saurara muka amsa, wannan ma bai ba ni wahala ba. Bayan azahar aka jera mu a baranda ana kira. A nan na lura bibbiyu ake shiga, ba ɗaiɗai ba. Na tambayi na kusa da ni, ya ce ai hira za ku yi da abokin shigarka, ku yi musu a kan wani hoto, masu jarrabawa na saurare. Ban gama haɗiye maganar ba na ji an kira ni, kuma aka kira Baba.

A bakin ƙofa na tuɓe takalmina. A ciki akwai wata Baturiya dattijuwa mai tabarau a bayan tebur, da wani mutum a lungu yana rubutu, sai kujeru biyu an manna su da juna. Baba ya riga ya zauna a ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi da Hausa, na tambaye shi gajiya, alhali tun safe muna wuri ɗaya. Baturiyar ta leƙo ta saman tebur tana nemana, ta ce in tashi in zauna, kuma daga yanzu Turanci kawai. Na ɗosana a gefen kujerar, rabin jikina a iska, gwiwata na gudun tasa. Ta fara da tambayoyi masu sauƙi don ta kwantar mana da hankali. Ta tambaye ni ko ina da aure, na gyaɗa kai. Ta ce in ba ta labarin matata, yadda muka haɗu da abin da na fi so game da ita. Edita, a gaban ubanta! Ta ga na yi tsuru-tsuru sai ta canza, ta tambayi ko ina da yara, kuma mene ne sunan babban. Ɗan fari, wanda ko a gaban abokaina ba na kama sunansa. Na zuba wa yatsun ƙafata ido, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan ta ajiye mana wani hoto. Wai wani abokin aiki ne zai yi ritaya, ga agogo, ga rediyo, ga keke, ga fanka, mu tattauna mu zaɓi kyautar da ta fi dacewa. Baba ya gyara zama ya ce shi yana ganin rediyo ya fi, ya kawo dalilansa tiryan-tiryan, sannan ya juyo ya tambaye ni ra'ayina. Na ce yes sa. Ya jira, bai ji ƙari ba. Sai ya ce to da ya sake tunani agogo ya fi. Na ce yes sa. Ya koma kan keke, na ce yes sa. Ya ce keke bai dace da tsoho ba sam, na ce yes sa. Bawan Allah ya riƙa kawo magana yana rushe ta da kansa, Turancinsa ya fara kwancewa yana komawa na tashar mota, gumi na tsattsafo masa. Can haƙurinsa ya ƙare, ya juyo ya daka min tsawa da Hausa cewa in buɗe baki in yi magana mana, ko an ɗinke min shi ne. Ni kuma jin Hausa sai na zame daga kan kujera na durƙusa na ce Allah ya huci zuciyarsa. Mutumin lungu ya sa takarda ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na rawa.

Da sakamako ya fito, na ci sauran ɓangarorin da maki mai kyau, amma magana na faɗi warwas. Abin da ya fi ƙona min rai, Baba ma ya faɗi, kuma kowa ya san dalili. Mutumin da ya yi shekaru yana hira da Turawa a mota, aka mayar da shi jigilar kaya saboda ladabina. Aka ce za a ba mu dama ta ƙarshe idan masu jarrabawar sun sake zagayowa bayan 'yan watanni. A ofis sunana ya koma Yes Sa, har mai shara in ta gan ni sai ta rusuna ta faɗa. Labari ya kai Durumi, masu shayi suka ce ashe Baturensu na cikin unguwa ne kawai. Ranar Lahadi na je Uke, maiɗakina ta fito zaure da yaron, ta yi dariya har da hawaye, ta ce Baba ya kwaikwayi yadda na zame daga kujera, Inna mahaifiyarta ta kusa ƙwarewa da ruwa. Ni ma na yi yaƙe. Sai ta miƙo min yaron, ya dube ni ya callara ƙara ya maƙale mata. Dariyarta ta tsaya. Ta ce in yi haƙuri, haka yake yi wa baƙi. Wannan kalma ta baƙi ta bi ni har Abuja.

Ranar Juma'a da aka tashi aiki ina shirin sulalewa sai ga tsohuwar motar Baba, wadda ya taho da ita daga Legas, ta tsaya a gabana. Ya ce in shiga gaba. Na nufi baya, ya ce gaba ya ce. Kafin ya tayar da mota ya yi min magana mafi tsawo da ya taɓa yi min da Hausa. Ya ce ya gode da tarbiyyar da aka ba ni, amma tarbiyyata ta sa shi dakon buhunan siminti da girmansa. Ya ce daga yau duk Juma'a tare za mu tafi Uke, Litinin da sassafe mu dawo. Muddin injin motar nan na aiki Turanci za a yi, kuma duk abin da ya faɗa sai na musa masa, ko da cewa ya yi rana daga gabas take fitowa. In ya kashe mota in koma in ci gaba da kunyata, ba ya hana ni. Ya ce shi Turanci a wurinsa kamar rigar aikin direba ce, da safe ya sa, da yamma ya rataye. Sannan ya ƙara da cewa duk lokacin da na ce masa yes sa zai tsaya in sauka.

Na ɗauka wasa yake. Ba mu kai Nyanya ba ya ce da Turanci wai akuya ta fi saniya girma. Bakina ya riga ni, na ce yes sa. Ya taka birki, ya miƙa hannu ya buɗe min ƙofa. Na sauka ana yayyafi, ya ja mota a hankali ina binsa a ƙafa, masu sayar da masara a bakin hanya na kallonmu. Sai da na jiƙe sannan ya tsaya. Makon farko na sha tafiya, har na fara sanin masu masarar da fuska. Amma na lura da wani abu guda. A mota ba ya kallona, ba na kallonsa, dukanmu titi muke kallo, sai harshena ya ɗan rage nauyi. Na fara da no sa can ƙasa-ƙasa, shi kuma ya ce bai ji ba, in kawo dalili.

Ranar da bakina ya buɗe gaba ɗaya muna wajen Masaka ne. Ya ce shi a duk yawonsa bai taɓa ganin ragwaye a noma irin Zazzagawa ba, kuma tuwonsu ko yaro ba ya ƙoshi da shi. Ban san lokacin da na juya ba. Na kawo masa rake, na kawo masa barkono da masara, na ce doyar da suke taƙama da ita a Uke ai Gwari ke noma musu ita, na yi ta zuba har da ɗaga hannu. Da na dawo hayyacina na kama bakina, sai na ji yana dariya yana dukan sitiyari. Daga ranar hanyar Keffi ta zama ajinmu. Mun yi musu a kan Legas da Abuja, a kan ƙwallo, a kan ko garin nan zai taɓa cika da mutane, shi yana cewa ba zai cika ba har abada. Yana gyara min tsoro, ni ina gyara masa Turancin tasha. Da mun isa ƙofar gida ya kashe mota, sai in fito in tuɓe takalmi in durƙusa in yi masa sannu da hanya, ya amsa fuska a ɗaure kamar ba shi ba. Magana ɗaya ce ban taɓa kawowa a motar ba, ita ce ta iyalina. A watannin nan ni da mai gidan hayata mun sauya kwanon rufi, mun yi daɓen siminti, mun shafe bango, amma na rasa bakin da zan gaya masa.

Da masu jarrabawa suka dawo, mu biyu ne kawai masu maimaitawa daga ofishinmu, don haka aka sake haɗa mu. Baturiyar nan ce dai, ta gan mu ta gane mu, ta dubi ƙafata ta ga takalmi a ciki ta yi murmushi. Na sami wani ƙusa a bangon da ke bayanta na kafa masa ido, na ce a raina wannan shi ne titi. Tambayoyin farko na amsa su lafiya. Sai ta ajiye hoto. Wai wani saurayi ne ya sami aiki a sabon gari ya kama ɗaki, ga gado, ga risho, ga rediyo, ga keke, mu zaɓi abin da ya fi buƙata da farko. Baba ya ce gado, don ma'aikacin da bai yi barci mai kyau ba ba zai yi aiki mai kyau ba. Ya juyo ya tambaye ni ra'ayina.

Har yau ban san daga inda maganar ta fito ba. Na ce ban yarda ba. Na ce abin da mutumin nan ya fi buƙata ba ya cikin hoton, matarsa ce da ɗansa. Baba ya ce mai hankali ba ya kawo mace da jariri ɗakin da ke yoyo. Na ce mutumin ya sauya kwano, ya yi daɓe, mai shakka ya je ya gani. Ya ce babu ruwan famfo a unguwar. Na ce akwai rijiya a cikin gida, kuma mutumin yana da hannu biyu da zai ja guga. Ya ce a jira a tabbatar da shi a aiki tukuna, haƙuri ba ya ɓaci. Na ce ai mutumin ya riga ya yi haƙuri har ɗansa ya yi haƙora ya fara rarrafe bai gani ba, kuma in ya ɗauke shi kuka yake yi, don a wurinsa baƙo ne. Baturiyar ta dubi agogo ta ce lokaci ya cika, ta gode, ta ce ta ji daɗin yadda muka shiga cikin labarin kamar gaske. Ba ta san komai ba, baiwar Allah.

Muna fita baranda abin da na aikata ya faɗo min a ka. Na tuɓe takalmi na zube a gabansa. Ya dube ni daga sama ya ce da Hausa in tashi na tare wa mutane hanya, ya wuce. Ranar Juma'a na tsaya a inda ya saba ɗaukata, har aka kira magariba bai zo ba. Mai gadi ya ce ai oga tun da rana ya fita. Na koma Durumi ina cewa shi ke nan, na ci jarrabawa ko ban ci ba, na yi wa surukina rashin kunya a gaban Baturiya. Na fara tunanin wanda zan tura ya ba shi haƙuri, ko kawuna na Keffi ko limamin Uke.

Washegari da hantsi ina wanki a ƙofar ɗaki sai na ji ƙarar motar da ko a mafarki na san ta. Ta shigo lungunmu tana rangaji, an ɗaure mata gado da katifa a sama, bayanta cike da kwalla da tukwane, har da turmi. Gwaggo ta fito, maiɗakina ta fito da yaron a baya tana sunkuyar da kai tana murmushi. Matan gidan suka fito da guɗa, mai gidan hayata na ta cewa da Hausarsa ta Gwari madalla, amarya ya zo. Baba bai fito ba, kuma bai kashe mota ba. Ya leƙo ta taga ya ƙare wa sabon rufin kallo, sannan ya kira ni da hannu. Ya ce min da Turanci, yana kallon gabansa, shi har yanzu yana kan bakansa, gado ne ya fi muhimmanci, shi ya sa ya ɗauro shi da kansa. Hawaye ya cika min ido, na ce yes sa. Ya ɗaure fuska ya nuna min injin da ke ta ruri. Na share ido na ce no sa. Ya ce yauwa, a sauke kaya yana da wurin zuwa. A lokacin ko sakamakon jarrabawar bai fito ba.

Da ya fito dukanmu mun ci. Aka mayar da Baba kan motar manyan baƙi, ni aka tabbatar da ni, daga baya aka ba mu ɗaki a gidajen ma'aikata, sai dai maiɗakina ta saba da matan Durumi har sai da aka lallashe ta kafin ta yarda ta tashi. A ɓangaren magana Baba ya fi ni maki, kuma har Allah ya karɓi ransa bai bar ni na manta ba. Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba har muka rabu, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, amma duk wata magana mai nauyi da ta taso a tsakaninmu bayan nan, sai ya ɗauki mukulli ya ce in zo mu ɗan zaga.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman matasa masu shirin irin wannan jarrabawa, kada girman kai ko kunya su hana ku shiga aji. Ku tambayi yadda ake yin kowane ɓangare tun kafin ranar, kuma ku gwada bakinku da mutum mai rai, ba da bango ba, in da hali ma da wanda kuke jin nauyinsa. Kunya abu ce mai kyau, ban yi nadamar girmama Baba ba ko na rana ɗaya. Nadamata ita ce na ɗauka yin shiru shi ne ladabi, har shirun nawa ya sauke dattijo daga matsayinsa, ya kuma sa ɗana ya yi haƙoransa na farko ba na nan. Waɗannan watanni ba su dawowa. Ku kuma iyaye masu surukai, ku sani yaron nan da ke durƙushe yana ce muku to, wataƙila akwai maganar da ke cin sa ya rasa ta inda zai fito da ita, ku buɗe masa hanya. Yanzu ni ma na aurar da 'yata, kuma mijinta irina ne sak, da ya hango ni sai ya ɓace bayan mota. Watanni ke nan da ta zo gida wanka, uwarta ta ce ba ta gama murmurewa ba, shi kuma kullum to yake ce min. Jiya na sa an duba min man mota da tayoyi, na aika masa ya zo ranar Juma'a ya raka ni Uke gaisuwa, kuma a gaba zai zauna.